Jan Ƙyalle a Sitiyarin Kawu

Ranar da aka kai Kawu makwancinsa, gidanmu na Sauka Kahuta bai ɗauki jama'a ba. Tabarmi sun cika tsakar gida, sun fita ƙofa, har maƙwabta suka buɗe zaurensu. Duk da hawayen da ya rufe min ido, na lura duk wanda ya shigo gaisuwa biyu yake yi. Zai durƙusa ya ce Allah ya jiƙan rai, ya ba mu haƙuri. In ya miƙe sai ya juya wajen rumfar kwano da ke gefen rijiya, ya tsaya yana kallon motar Kawu, kamar ita ma sai an yi mata ta'aziyya.

Tsofaffin direbobin da suka yi aikin gwamnati tare da shi sun zo a ƙungiya. Ɗayansu ya ce duk tsawon aikinsu, Kawu ko akuya bai taɓa bugewa ba. Mai sayar da kayan mota, wanda kullum suke cacar baki a kan farashi, ya zauna ya rufe fuska da hula. Ya ce babu wanda ya wahalar da shi a shago kamar Kawu, kuma bai san da wa zai riƙa faɗa yanzu ba. Wata mata ta ce, "Allah sarki, bai gama ta ba." Wani kuma, ban san daga inda ya ɓullo ba, bai gama shafa fatiha ba ya tambaya ko za a sayar wa 'yan gwangwan. Da ba zaman makoki ake yi ba, da na gaya masa maganar da zai kwana yana juyawa.

Can da rana aminin Kawu ya iso, wani manomin doya, Kirista, da muke kira Baba na Garatu. Ya gaishe mu, ya je gaban motar ya cire hula, ya daɗe a tsaye. Sai ya ce da irin Hausarsa, "Aboki, ka tafi ka bar ni da wannan rigima naka." Na bi idonsa da nawa, na kalli sitiyari. Jan ƙyallen ba ya nan.

Zan dawo kan ƙyallen. Bari in fara faɗin wane ne Kawu, don ba na so jikokinsa su tuna shi a matsayin tsohon da kullum ƙafafunsa kawai ake gani a ƙarƙashin mummunar mota.

Yayan mahaifiyata ne. Shi ya riƙe ni bayan rasuwarta, shi ya sa ni makaranta, shi ya aurar da ni. Mutum ne mai shegen taurin kai da taushin zuciya, kuma yakan ɓoye na biyun da na farkon. Da ya yi ritaya, maimakon ya sayi fili kamar kowa, sai ya gutsiri kuɗin sallamarsa ya sayo wata tsohuwar mota mai ƙofa biyu, irin wadda rufinta na tamfol ne, ana naɗe shi baya a bar sama a buɗe. A bayan wani gida a Ketaren Gwari ya tsinto ta, kaji suna ƙwai a kujerar baya. Inna, matarsa, ta yi kwana uku ba ta ce masa uffan ba. Rufin ya riga ya ruɓe, ƙarafan kawai suka rage, kamar laimar da iska ta yage. Yaran unguwa suka sa mata suna Kwandon Baba, tunda ba ta tare ruwa.

Shekara tara yana gyaran ta, kuma duk wata sai ya yanki wani abu daga fansho. Yana da tsarinsa da ba ya sauyawa ko za a yi me. Yakan lissafa shi da yatsu huɗu masu baƙin mai: "A fara da abin da zai kashe ka. Sai abin da zai tsayar da kai a hanya. Sai abin da zai jiƙa ka. Abin da zai ba ka kunya shi ne na ƙarshe." Wato birki da taya da sitiyari, sannan inji, sannan rufi, sannan fenti. Matsalar ita ce kafin ya kai yatsa na uku, wani abu ya sake tasowa a na farko, ga shi kayan mota ba sa kwana a farashin jiya. Don haka motar tana tafiya sumul kamar sabuwa, amma in ka gan ta sai ka ɗauka daga bola aka janyo ta.

Ƙyallen kuwa dokarsa ce. Duk lokacin da ya kwance wani abu bai gama mayarwa ba, sai ya ɗaura wani guntun jan ƙyalle a sitiyari. Muddin yana nan, ba mai tayar da motar, har shi kansa. Ba ya kwance shi sai ya zagaya da sifana ya sake taɓa kowane noti da ya taɓa. In na tsokane shi na ce ai shi kaɗai ke tuƙa ta, wa yake yi wa alama? Sai ya ce, "Kaina nake yi wa. Ni ina mantuwa, shi ba ya mantuwa."

Faɗa ɗaya muka taɓa yi da shi, kuma ni na janyo shi. Shekara huɗu da suka wuce ya tafi Bida bikin dangi na mako guda. Ni kuwa na kwashi adashe, na gaji da jin ana cewa Kwandon Baba, sai na haɗa baki da wani mai fenti. Ya zo gida ya feshe ta shuɗiya, tana ƙyalli, har maƙwabta suka fito kallo. Na yi kwalliya na zauna ina jiran godiya.

Kawu ya dawo, ya ajiye jaka, ya zagaya ta sau biyu. Ya durƙusa ya danna ƙasan ƙofa da babban yatsa, fentin ya lotsa. Ya tambaye ni nawa na biya, na gaya masa.

Ya ce, "Tayoyi huɗu ke nan, 'yata. Kin narka su kin shafa a kan tsatsa."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Kawu, dariya fa ake yi maka a unguwa. Ni abin yana min ciwo."

Ya ce, "Kin taɓa jin wanda dariya ta kashe a hanyar Bida?"

Na ɗauki mayafina na fita, na yi wata guda ban taka gidan ba. Ranar nan sai ga shi a ƙofata da ledar lemo da takardar goge ƙarfe. Ya miƙo min duka biyun, ya ce, "Lemon na yara ne. Wannan kuma ki zo ranar Asabar ki taya ni cire kyautarki." Na je ina kumbure-kumbure. Da muka goge ƙasan kujerar direba, sai ga rami ya bayyana, hannuna ya shige ciki har wuyan hannu. Bai ce na gaya miki ba. Ya miƙo min ruwa kawai. Tun daga ranar Asabar ta zama tamu, ni goge tsatsa da miƙa sifana, shi aiki da surutu.

Wata damina kuma maciji ya sari Baba na Garatu a gona da tsakar rana, ana tsuga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Aka kira Kawu a waya. Motoci biyu masu rufi da fenti sun maƙale a taɓo a hanyar, Kwandon Baba ta wuce su. Ya ɗauko amininsa, ruwa na dukansu ta sama, ya kai shi asibiti a kan lokaci. Baba yakan ce, da irin Hausarsa, "Mun jika kamar kaza, amma mota bai tsaya ba." Da ya warke ya sayar da doya, amma bai kawo kuɗi ba, don ya san Kawu zai mayar da su kayan birki. Tamfol ɗin kansa ya sayo, sabo fil, ya dire a tsakar gida. Kawu ya yi godiya, ya naɗe shi da kyau, ya kai ɗaki ya ce sai layinsa ya zo. Yana nan a naɗe har yau.

Wanda bai taɓa iya haɗiye wannan hali ba shi ne Yaya, babban ɗan Kawu, da ke aiki a Abuja. Sau biyu yana turo kuɗi a yi rufi da fenti, a sa kayan kiɗa da na sanyi. Na farko ya zama lagireton sanyaya inji, na biyu ya zama tayoyi. Yaya ya daina turowa, ya daina tambaya, maganarsu ta koma gaisuwa. Da aka yi rasuwar, babu wanda ta girgiza kamarsa. Ya zauna a zaure ido jajir, ko abinci sai an matsa masa.

To ga abin da ya hana ni sukuni. Asabar ta ƙarshe da na je, motar tana kan jak, an cire tayar gaba ta hagu, jan ƙyalle na ɗaure a sitiyari. Na gan shi da idona. Ranar Laraba da yamma jikin Kawu ya rikice, Alhamis da asuba Allah ya karɓi abinsa. Yanzu kuma ga mota a ƙarƙashin rumfa, tayoyi huɗu a ƙasa, babu ƙyalle. Kwana huɗu ne tsakani. Zai yiwu ya gama aikinsa ya kwance abinsa. Zai yiwu kuma wani ne ya cire a cikin hayaniyar makoki. Na tambayi matan da suka yi shara, na duba bayan rijiya, na juye kwandon bola. Inna kaɗai ban tambaya ba. Tana ɗaki tana takaba, ba ta magana, manya kuma sun ce kada wanda ya kai mata zancen mota.

Da na bar abin a raina, sai ranar kwana huɗu Yaya ya ce bayan addu'ar bakwai zai kwashi jikoki a motar ya kai su gonar Garatu, don kakansu ya yi musu alkawarin haka in sun zo hutu. Daga nan zai wuce da ita Abuja ya yi mata fenti da rufi, ya gama wa mahaifinsa abin da bai gama ba. Yara biyar ne, uku nasa, biyu nawa. Suka kama tsalle.

Na same shi a zaure na ce, "Yaya, ranar Asabar akwai ƙyalle a sitiyarin nan."

Ya ce, "Yanzu akwai?"

"Babu."

"To ya gama ya cire. Kin san Baba."

Na ce a kira bakanike ya duba, minti goma ne. Ya tashi ya shiga motar, ya taka birki sau uku, ya ce in gani da idona yadda yake kamawa. Sannan ya ce, "Ƙanwata, bai bari na saya mata ko madubi ba yana da rai. Yanzu ma sai wani ya zo ya ba ni izini?" Na juya na bar shi. Ina fitowa na ji wata daga cikin dangi tana cewa ƙasa-ƙasa, ko dai 'yar riƙo ta sa wa motar ido ne. Wallahi maganar nan ta ƙona ni, har yau in na tuna sai na ji zafinta. Ba ni da gado a gidan, na sani, ba sai an tuna min ba.

Washegari na faki idon mutane na durƙusa na leƙa ƙarƙashinta. Ba ɗigon mai, notocin taya duk suna wurinsu. Iyakar sanina ke nan. Shekara huɗu ina miƙa sifana, ban taɓa koyon abin da ake yi da ita ba. Na ce wa kaina tsoro ne kawai irin na wanda aka yi wa mutuwa. Amma duk sallar da na yi sai in tsinci kaina ina hango gangaren da ke hanyar Garatu, da manyan motocin da ke bin ta. Na yanke shawara nawa biyu ba za su shiga ba. Sai kunya ta kama ni: wato in tsame nawa, in bar nasa uku? Waɗannan ma ai jikokin mutumin da ya riƙe ni ne.

Ranar bakwai gari ya waye tas, ba hadari. Aka yi addu'a, aka raba waina, jama'a suka fara watsewa. Baba na Garatu ya zo zai yi musu jagora. Na ja shi gefe na gaya masa komai. Ya ce, "Yarinya, kai ka gani da idonka?" Na ce na gani. Ya shafa kai, ya kalli Yaya, ya kalli ƙasa. Na gane damuwarsa. Shi baƙo ne a gidan makoki, ba zai iya tare babban ɗa a gaban mutane ba. Kafin ya yanke shawara yara sun haye, nawa biyu har da su, don na kasa buɗe baki in hana.

Yaya ya murza mukulli. Injin ya tashi bugu ɗaya, da wannan lallausar ƙara da duk gidan ya sani. Wasu mata suka fashe da kuka. Ni na riƙe ginshiƙin rumfa, ina jin ya kamata in yi ihu, ihun ya ƙi fitowa.

"Kashe ta."

Inna ce a bakin ƙofar ɗakinta, karo na farko a kwana bakwai. Ba ta ɗaga murya ba, amma Yaya ya kashe. Ta ce, "Ina za ku da ita? Wa ya ce muku ya gama?" Ta sa hannu a haɓar zaninta ta kwance wani ƙulli, sai ga jan ƙyallen.

Ta ce ranar Laraba hadari ya taso Kawu yana tsakiyar aiki. Ya mayar da tayar da sauri, ya murza notocin da hannu, suka tura motar ƙarƙashin rumfa su biyu. Ya ce gobe zai ƙarasa. Ta ce, "Ranar da aka fita da shi na je na kwance. Guntun ɗankwalina ne na farkon aurenmu, kuma warin hannunsa na jiki. Ban san za ku taɓa ta ba. Ba wanda ya gaya min."

Baba na Garatu ya durƙusa a gaban tayar hagu. Bai nemi sifana ba. Ya kama noti da yatsu biyu ya murza, ya faɗo a tafinsa. Ya kama na biyu, shi ma haka. A na uku Yaya ya zame ya zauna a ƙasa da fararen kayansa, ya dafe kai. Na sauke yaran ɗaya bayan ɗaya, ina ƙirga su kamar wani zai ɓata. Na ji haushin Yaya, na ji haushin dangi, amma haushin kaina ya fi. Ƙofar Inna taku goma ce daga rumfa, kwana bakwai ina wuce ta.

Can Yaya ya ɗago ya ce a miƙo masa sifana ya ɗaure. Baba ya ce, "A'a, dana. Ka fara sanin me ya sa ya bude." Muka shiga ɗakin Kawu. A kan naɗaɗɗen tamfol akwai ɗan kwali, cikinsa sabon boris, ƙarfen da tayar gaba ke juyawa a kansa, ko ledarsa ba a yage ba. Yaya ya riƙe kwalin ya daɗe yana kallo. Sannan ya fita, ya durƙusa gaban mahaifiyarsa, ya miƙa hannu biyu. Ta ba shi ƙyallen, ya je ya ɗaura a sitiyari da kansa, ƙulli biyu, yadda Kawu ke yi.

Yau wata biyu ke nan. Yaya yana zuwa duk ƙarshen wata, kuma bai sake ambaton fenti ba. An sa boris, amma da aka buɗe sai aka tarar tiyon birki na baya ya fara tsagewa, don haka muna nan a yatsa na farko. Yaran unguwa suna nan suna ce mata Kwandon Baba, yanzu ba ya min ciwo.

Allah ya haskaka kabarinka, Kawu. Ya yafe maka abin da ka manta, ya karɓi abin da ka gama, ya sa abin da ka bari a buɗe ya samu masu ƙarasawa da gaskiya.

Asabar da ta wuce na shiga gaida Inna. Tana zaune a bakin taga, daga inda ake hango rumfa. Ba ta tambaye ni yaushe za a yi rufi ba, ba ta tambayi nawa aka kashe ba. Ta kalli jan ƙyallen a sitiyari, ta ce, "Kada ku yi sauri. Amma in kun gama, ku dawo min da shi."